Idan Rana Ta Ɓace Yanzu, Yaushe Duniya Za Ta Sani?

 

Yau gardama aka kawo mana mu raba. Wata ƙanwarmu 'yar babbar sakandare ce ta turo saƙo. Ta ce malaminsu ya faɗa musu cewa hasken rana yana ɗaukar minti 8 da 'yan kai kafin ya iso duniya. Da ta koma gida sai ta tambayi yayanta: to idan aka wayi gari rana ta ɓace ɓat, mu da ke zagaya ta yaya za mu kasance? Yayan ya ce ai nan take duniya za ta cilla, tun kafin duhu ya zo, domin shi jan da rana take yi mana ba tafiya yake yi ba, yana nan ne kawai kamar igiya. Ita kuma ta ce zuciyarta ba ta kwanta da wannan amsar ba. Har ya yi mata alkawari, wai in ta fi shi gaskiya zai saya mata datar wata guda.

To ƙanwata, ki gyara zama. Gardamar da kuka yi a tsakar gidanku, manyan masana sun shafe sama da shekara 300 suna yin ta. Kuma ba a kawo hujjar da ta rufe bakin kowa ba sai a 2017.

Bari mu fara da sunan abin. Da yawa daga cikinmu muna cewa "maganaɗisun ƙasa". Sunan ya bi baki, amma yana ɗan ruɗarwa, domin maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, ba ruwansa da mangwaro ko ruwa ko mutum. Shi kuwa wannan ƙarfin da muke magana a kai, girabiti, ba ya ware kowa. Duk abin da yake da nauyi yana jan ɗan'uwansa. Shi ne yake faɗo da mangwaro daga bishiya, shi yake riƙe da wata kada ya gudu ya bar mu, shi kuma yake riƙe da duniya a kan hanyarta ta zagaya rana. Tambayarmu ita ce: wannan jan, nan take yake isa, ko shi ma sai ya yi tafiya?

Ku tuna da damina. Za ka ga walƙiya ta haska, shiru, shiru, can sai ka ji tsawa ta daka. Lokaci ɗaya suka tashi, amma ƙara tana tafiyar kimanin mita 340 ne a sakan ɗaya, don haka kowane kilomita guda sai ya ci mata kusan sakan 3. Haske kuwa yana keta kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Saboda tsabar saurinsa, mutanen da sun ɗauka ba ya tafiya ma sam, da an kunna ya isa. Sai a 1676 wani masanin taurari ɗan ƙasar Denmak, Ole Rømer, ya lura da wani wata da ke zagaya duniyar Jupita, ya ga lokacin kusufinsa yana yin latti idan mun yi nisa da Jupita, yana yin sammako idan mun matso. Daga nan aka gane ashe haske ma matafiyi ne. Tsakaninmu da rana kimanin kilomita miliyan 150 ne, shi ya sa yake cin minti 8 da sakan 20.

Shekara 11 bayan haka, a 1687, Isaac Newton na Ingila ya fitar da littafinsa da ya zayyana dokar girabiti. Lissafin ya yi kyau matuƙa. Da shi ake sanin ranar da za a yi kusufi, da shi ake fayyace tumbatsar teku da janyewarta, har yau da shi ake yin mafi yawan lissafin harba kumbo. Amma a cikin wannan lissafin babu inda aka ware wa jan lokacin tafiya. Idan rana ta motsa, a wannan ƙiftawar idon duniya za ta ji. Wato yayanki yana da babban mutum a bayansa.

Sai dai shi kansa Newton abin yana damun sa. A wata wasiƙa da ya rubuta wa wani malamin coci mai suna Richard Bentley, ya nuna cewa a ce wani abu ya taɓa wani daga nesa, ta cikin fili fayau, ba tare da wani ɗan aike a tsakani ba, magana ce da hankali ba zai ɗauka ba. Ya san lissafinsa yana aiki, amma yadda jan yake tsallaka wannan nisan, ya bar wa na baya.

A 1805 wani gwanin lissafi na Faransa, Pierre-Simon Laplace, ya ce bari ya gwada. Ya ɗauki dokar Newton ya sa mata jinkiri, ya duba yadda hakan zai shafi tafiyar wata. Sakamakon da ya samu shi ne, in dai girabiti yana da gudu, to sai ya ninka na haske aƙalla sau miliyan 7, in ba haka ba da tuni hanyoyin duniyoyi sun hargitse. Ku riƙe wannan maganar ta Laplace, za mu dawo kanta, domin a nan ƙullin yake.

Haka aka tafi har 1905, lokacin da wani matashi ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, ya zo da maganar da ta girgiza komai. Albert Einstein ke nan. Abin da ya fito daga nazarinsa shi ne akwai iyakar gudu a sararin samaniya, kuma babu wani abu, babu wani saƙo, babu wani tasiri da zai wuce ta. Muna kiran ta gudun haske ne kawai saboda haske muka fara gani yana yin ta. To ka ga matsala ta kunno kai. In babu saƙon da zai wuce wannan iyakar, yaya jan rana zai iso mana nan take?

Shekara 10 ya yi yana fama da wannan tambayar. A ƙarshen 1915 ya kammala amsarsa, kuma amsar ta canza yadda ake kallon abin gaba ɗaya. A wurinsa, sarari da lokaci kamar shimfiɗa ɗaya ce mai lotsawa. Ka zauna a tsakiyar katifa mai laushi, ka ajiye lemo a gefe, za ka ga ya gangaro wurinka. Ba igiya ka sa masa ba, katifar ce ta lotsa. Haka rana take lotsa sararin da ke kewaye da ita, duniya kuma tana bin gangaren. Misali ne kawai, kada ku kama shi da ƙarfi, amma ya isa ya nuna mana abu ɗaya: ga ɗan aiken da Newton yake nema. Sararin ne da kansa. Idan abu mai nauyi ya yi wani motsi na daban, canjin lotsawar yana bazuwa ne daki-daki, kamar yadda ruwan kududdufi yake yin zobe-zobe idan ka jefa dutse. Lissafin Einstein ya ba da gudun wannan bazuwar, kuma daidai yake da gudun haske.

To yanzu ga amsar tambayarki. A ƙaddara rana ta ɓace da ƙarfe 12:00 daidai. Har zuwa 12:08 muna nan muna ganin ta a sama, muna jin zafinta, duniya kuma tana ci gaba da lanƙwasa a kan hanyarta tana zagaya abin da babu shi. Duniya tana gudun kusan kilomita 30 a sakan, don haka a wannan ɗan tsakanin za ta ci kimanin kilomita 15,000 ba ta san an yi ba. Da 12:08 da sakan 20, duhu da sakin jan za su iso tare, duniya ta miƙe sambal kamar dutsen da aka saki daga majajjawa. Mu muna cikin duhu, Jupita tana can tana zagayenta hankali kwance, sai bayan kusan minti 43 labari zai same ta. Neftun kuwa sai ta yi awa 4 da ɗoriya. Sai dai in faɗa muku, a dokokin kimiyyar kansu rana ba za ta iya ɓacewa haka kawai ba, domin nauyi da makamashi ba sa zama babu. Misali ne na wasa ƙwaƙwalwa.

Na san akwai mai cewa, to ina maganar Laplace? Madalla. Ga yadda matsalar take. Rana ba a tsaye take ba. Tana gudu ɗauke da mu a cikin gungun taurarinmu, sama da kilomita 200 a kowane sakan. A cikin minti 8 ɗin nan ta yi gaba da fiye da kilomita 100,000. Idan jan da ya iso mana yanzu tsohon labari ne, ai kamata ya yi ya ja mu zuwa inda rana take minti 8 da suka wuce. Amma da aka auna tafiyar duniyoyi, sai aka ga jan yana nuna inda rana take a yanzu. Wannan ne ya sa har a 1998 wani masanin taurari a Amurka, Tom Van Flandern, ya wallafa cewa girabiti ya fi haske gudu sau biliyoyi. Har gobe za ka ci karo da bidiyo ko rubutu a intanet da suke ɗauko wannan hujjar su ce an kama Einstein da kuskure.

Amsar da wani masanin, Steve Carlip, ya fayyace a 2000 ita ce: saƙon da girabiti yake ɗauke da shi ba wurin da abu yake kaɗai ya ƙunsa ba, har da inda ya dosa da irin gudun da yake yi. Bari in ba ku misali. Abokinka ya taso daga Zariya zai zo Kano, ya turo maka saƙo: "Na baro Zariya yanzu, ina tafiyar kilomita 100 a awa." Netwok ya riƙe saƙon, bai shigo ba sai bayan rabin awa. Kana karantawa ba za ka ce yana Zariya ba. Za ka ce ya ci kilomita 50, kuma za ka yi daidai, alhali labarin da ke hannunka tsoho ne. Amma da a ce taya ta fashe masa a hanya, ba yadda za a yi ka sani sai sabon saƙo ya iso. Haka abin yake. Muddin rana tana tafiyarta yadda ta saba, jan yana nuna inda ya kamata a ce ta kai, kamar babu jinkiri. Sai an samu canji na ba-zata jinkirin yake bayyana. Laplace bai yi kuskuren lissafi ba. Dokar Newton da ya ɗora jinkirin a kanta ce ba ta da wannan ɓangaren.

Kuma gyaran ba ya cika cif. Akwai ɗan ragowa ƙanƙane, wanda yake sa abubuwan da ke zagaya juna su riƙa asarar makamashi a matsayin igiyoyin girabiti, wato wancan zobe-zoben na kududdufi. Tsakanin duniya da rana, asarar ba ta wuce wat 200 ba, kamar ƙwan lantarki biyu irin na da. Ba wanda zai taɓa lura. Amma a 1974 Russell Hulse da Joseph Taylor, suna aiki da wata ƙatuwar na'urar sauraron sama a Arecibo da ke tsibirin Puerto Rico, sun gano wasu matattun taurari biyu masu tsananin nauyi da suke zagaya juna a ƙasa da awa 8. Aka yi shekaru ana bibiyar su, aka ga suna matsowa kusa da juna da kimanin mita 3 da rabi duk shekara, daidai yadda lissafin Einstein ya nuna. Wannan aikin ya ba su kyautar Nobel a 1993.

Duk da haka, gani ya kori ji. Ana son a kama igiyar da kanta. Aka gina wasu na'urori biyu a Amurka da ake kira LIGO, ɗaya a Livingston da ke jihar Louisiana, ɗaya a Hanford da ke jihar Washington, tsakaninsu kusan kilomita 3,000. Kowace tana da hannuwa biyu masu tsawon kilomita 4, hasken leza yana kai-komo a ciki yana auna tsawonsu. Idan igiyar girabiti ta ratsa, hannu ɗaya zai ɗan miƙe, ɗayan ya ɗan tsuke, da abin da ya fi ƙwayar furoton ƙanƙanta sau ɗaruruwa. Ranar Litinin 14 ga Satumba, 2015, suka kama ta farko. Baƙaƙen ramuka biyu ne suka yi karo, ɗaya ya ninka rana nauyi kusan sau 36, ɗayan sau 29, a nisan da haske zai yi shekara biliyan 1.3 kafin ya keta. Igiyar ta fara taɓa Livingston, bayan kashi 7 cikin 1,000 na sakan ta taɓa Hanford. Ka ga ke nan tafiya take yi. Amma baƙin rami ba ya fitar da haske, don haka ba a samu abokin tseren da za a gwada ta da shi ba.

Abokin tseren ya zo ranar Alhamis 17 ga Agusta, 2017, da ƙarfe 1:41 na rana agogon Najeriya da Nijar. Wataƙila a lokacin kana alwalar azahar, ko kana kan layin mai abinci. Igiyar ta ratsa duniya, ta ratsa ni, ta ratsa ku, ba wanda ya ji ko ɗar. LIGO kuwa ta ji, tare da taimakon takwararta Virgo da ke kusa da birnin Pisa a Italiya. Wannan karon taurarin nutron ne guda biyu. Tauraron nutron gawar babban tauraro ce da ta dunƙule: faɗinsa bai wuce kilomita 20 da 'yan kai ba, amma ya fi rana nauyi. Cokalin shayi ɗaya na jikinsa ya haura tan biliyan ɗaya. Na'urorin sun yi kusan sakan 100 suna jin su suna zagaya juna, suna ƙara sauri, suna ƙara sauri, har suka gwabza.

Sakan 1.7 bayan haka, wani tauraron ɗan'adam na hukumar NASA mai suna Fermi ya ga walƙiyar hasken gama daga wannan sashen na sama. Wani na Turai mai suna INTEGRAL shi ma ya gani. Kimanin awa 11 bayan nan, wani madubin hangen nesa a ƙasar Chile ya hango sabon ɗigon haske a wani gungun taurari da ake kira NGC 4993. Kafin a gama, wuraren binciken sama kusan 70 sun juya sun fuskanci wurin.

Yanzu ku biyo ni mu yi lissafi, domin nan ne daɗin labarin. Nisan wannan gungun daga gare mu kimanin tafiyar haske ta shekara miliyan 130 ne. A lissafin masana ƙasa, lokacin da igiyar da hasken suka taso, yankin da muke kira Najeriya yau yana manne da Brazil, tekun da ya raba mu bai gama buɗewa ba. Shekara miliyan 130 in ka mayar da ita sakan, za ka rubuta 4 ka jera mata sifiri 15. Duk wannan tafiyar suka yi, suka iso da tazarar sakan 1.7 kacal. Kamar a ce dawaki biyu su yi sukuwa daga Kano zuwa Legas, wajen kilomita 1,000, su iso da ratar da ta fi silin gashi siranta sau sama da 100,000. Wane alƙali ne zai ce wani ya ci wani?

Ita ma tazarar sakan 1.7 ɗin tana da bayani. Igiyar girabiti tana fita ne a daidai lokacin karon, shi kuwa hasken sai fashewar ta haɗu, ta huda tarkacen da ya lulluɓe wurin, sannan ya samu hanyar fita. Wato mai yiwuwa ba gudu aka fi shi ba, latti ya yi wajen tashi. Da masanan suka haɗa komai, suka ce in ma akwai bambanci tsakanin gudun biyun, to bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin 1 mai sifiri 15 ba.

Wani zai ce to mene ne amfanin sanin wannan? Na farko, akwai ra'ayoyi da dama da masana suka daɗe suna ginawa don bayyana dalilin da ya sa sararin samaniya yake ƙara saurin faɗaɗa, kuma wasunsu sun dogara ne a kan cewa gudun girabiti ya ɗan bambanta da na haske. Wannan awon guda ɗaya ya kawar da da yawa daga cikinsu. Mutum ya yi shekaru a kan aiki, sakan 1.7 ta ce masa a sake lale. Haka kimiyya take, ba ta duba wahalar da ka sha.

Na biyu, ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, babu abin da muke samu da ɗuminsa. Watan da kake kallo, na sakan ɗaya da 'yan kai da suka wuce ne. Rana ta minti 8 ce. Yanzu kuma mun san har jan da yake riƙe da mu yana bin wannan ƙa'idar. Komai girman abin da ya faru a wani wuri, sai labarinsa ya taka ya zo kafin ya shafe ka. Ikon Allah ke nan.

Na uku kuma, don Allah idan kuka ga an sa wani rubutu mai cewa an ƙaryata Einstein, kada ku yi saurin turawa gaba. Ba wai ba ya kuskure ba, ya yi kurakurai, har ma akwai lokacin da shi kansa ya yi shakkar ko igiyoyin girabitin nan da gaske suna nan. Amma ku tambaya: me aka auna, wa ya auna, wasu sun sake aunawa? A kan wannan batun dai an auna, kuma kun ji abin da aka samu.

Don haka ƙanwata, ki je ki gaishe da yaya cikin ladabi. Ki ce masa bai faɗi ƙasa ba, ra'ayin da ya riƙe shi duniya ta riƙe sama da shekara 200, kuma mai shi Newton ne. Sannan ki tuna masa da maganar data.

Ku kuma sauran, ga aikin gida. Duniyar Mas, idan ta matso kusa da mu sosai, tazarar takan kai kimanin kilomita miliyan 56. Saƙon rediyo yana tafiya ne da gudun haske. Minti nawa zai ɗauka ka aika gaisuwa can a amsa maka? Ku ajiye amsoshinku a ƙasa, zan karanto na farkon da ya dace a shiri na gaba. Mai wata tambaya kuma ya turo, ko da a gida an ce masa shirme ce.

Sai mun sake haɗuwa. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum.